Yoyon Rufin Ɗaki: Yadda Za Ka Gano Shi, da Yadda Za Ka Gyara Shi

Mai karatu, ruwan da ake samu a Yamai a shekara guda ba shi da yawa idan aka kwatanta shi da na ƙasashen bakin teku. Yakan kai milimita 500 zuwa 600. Amma kusan dukansa yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma watan Agusta ya fi kowane wata ruwa. Sau da yawa iska mai ƙarfi ce take fara tasowa daga gabas da jar ƙura, sannan ruwa ya biyo ta kamar da bakin ƙwarya. Rufin da ya sha ranar bazara wata da watanni, ya bushe, ya tsattsage, shi ne zai tari wannan ruwa cikin dare ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauki yoyo ƙaramin abu ne. Sai a tara bokiti, a janye katifa, a jira gari ya waye. Ba haka abin yake ba. A daminar 2024 kusan mutum 400 suka rasu a Nijar saboda ruwan sama da ambaliya, kuma waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. A wannan damina ce tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe, ranar 3 ga Satumba, bayan ya yi fiye da shekara 150 a tsaye. A Yamai mun saba jin labarin cikar kogi a Lamorde, da Karaje, da Kirkisoye, da Saga, musamman a 2012 da 2020. To amma ɗakin ƙasa yana faɗuwa a Bukoki ko a Talaje, inda kogi ba ya zuwa. Irin wannan ɗaki, ruwan da ya shige shi ta sama ko ya kwanta a gindinsa ne yake kayar da shi.

Ko ɗakin bai faɗi ba, akwai asara. Hatsi yana ruɓewa, tufafi da takardun yara suna lalacewa. Ɗaki mai laima yana yin funfuna, yana tayar da tari da ciwon asma. Idan kuma ruwa ya taɓa wayar lantarki, ana iya rasa rai.

Ruwa nawa ne yake sauka a kan rufinka?

Bari mu yi ɗan lissafi. Idan ka ji a rediyo an ce an samu ruwa milimita 1, ma'anarsa ita ce lita 1 ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi. Huɗu sau huɗu, 16 ke nan. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, sai ka ce 16 sau 50. Lita 800 ke nan, wato duro huɗu na lita 200, a kan ɗaki ɗaya, wani lokaci cikin awa ɗaya ko biyu.

Wannan ruwa dole ya samu hanyar sauka. Idan ba ka yi masa hanya ba, zai yi wa kansa. Duk gyaran rufi a kan wannan magana yake: ruwa ya gangara da sauri, ya faɗi nesa da bango.

Inda ruwa yake ɗiga ba nan ne ƙofarsa ba

Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa mutane. Ka ga ɗigo a tsakiyar ɗaki, ka hau sama ka liƙe daidai wurin, aka sake ruwa, ɗigo yana nan. Dalili shi ne ruwa yana tafiya. Yakan shiga ta wata ƴar kafa can sama, ya bi jikin azara ko katako, ko ya bi bayan kwano, ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu, sannan ya ɗiga inda ya samu lanƙwasa ko kan ƙusa. Idan ɗakin yana da silin, tafiyar takan fi haka nisa. Saboda haka ka fara daga inda yake ɗiga, ka bi sawunsa zuwa sama, wajen da rufin ya fi tudu.

Lokacin da ya fi dacewa da bincike shi ne lokacin da ake ruwan. Ɗauki tocila da gawayi ko alli. Duba inda ya jiƙe, ka zagaye shi da alama. Ka lura da abu uku. Da farkon ruwa ɗigon ya fara, ko sai da aka jima? Da iska ake ruwan, ko babu iska? Ruwan da yake ɗiga fari ne, ko ja ne mai laka?

Amsar waɗannan tambayoyi za ta rage maka wahala. Ɗigon da ya fara nan da nan, huda ce ko tsaga a buɗe. Wanda bai fara ba sai bayan awa guda, ko ya ci gaba bayan an ɗauke ruwa, alama ce ruwa yana kwanciya a sama, wato indararo ya toshe ko rufin ya lotsa. Wanda ba ya zuwa sai an yi iska, ka dubi mahaɗar kwano da kwano, da mahaɗar rufi da bango, musamman ta gabas. Jan ruwa mai laka kuwa, ƙasar rufin ce take narkewa, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne.

Idan rani ne, akwai dabara biyu. Ta farko ta rufin kwano ce. Da rana tsaka ka shiga ɗaki, ka rufe ƙofa da taga. Duk inda haske ya shigo kamar tauraro, huda ce. Ka zura tsinke ko siririyar waya ta cikinta, don ka gane wurin idan ka hau sama. Ta biyu tana bukatar mutum biyu. Ɗaya ya hau da bokitin ruwa da buta, ɗaya ya tsaya a ciki yana kallo. Na sama ya fara zuba ruwa daga ƙasan gangare, ya ɗan jira, sannan ya matsa sama kaɗan kaɗan. Kada ya fara daga tudu, don ruwan zai jiƙa ko'ina, ba za ku san inda ya shiga ba. A rufin ƙasa kada a yawaita ruwan gwaji, buta ɗaya ko biyu a wurin da ake zato sun isa.

Akwai kuma laimar da ba laifin rufi ba ce. Idan gindin bango ne yake jiƙewa, yana fitar da farin gishiri, yana marmashewa, alhali sama a bushe take, to ruwan daga ƙasa yake hawa. Maganinsa shi ne a cike gindin bango, a yi masa dakali, a gyara hanyar ruwan tsakar gida. Kada ka kashe kuɗinka a sama alhali ciwon yana ƙasa.

Rufin ƙasa

Rufin ƙasa ya fi kwano sanyi da bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu, kuma ba ya ƙara idan ana ruwa. Iyaye da kakanni ba su yi kuskure ba da suka zaɓe shi. Sai dai yana da sharaɗi ɗaya: kowace shekara sai an duba shi.

Fara da indararo. Yawancin yoyon soro daga nan yake tasowa. Iskar rani tana tara leda, da ganyen bedi, da rairayi a bakinsa, wani lokaci tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Idan ya toshe, rufin ya zama tafki. Share shi kafin ruwan farko, ka kuma sake dubawa bayan kowace babbar iska. Sannan dubi inda indararon ya ratsa rawanin soro, wato gajeren bangon nan da ya kewaye rufin. Ƙarfe da laka ba sa kama juna sosai, saboda haka ƴar kafa takan buɗe a ƙarƙashinsa, ruwa ya riƙa bi ta nan yana shiga cikin bango. Idan ka ga dogon sawun zaizaya a bango daidai ƙarƙashin indararo, abin da yake faruwa ke nan. Cire shi, ka gyara mazauninsa, ka mayar da shi bakinsa na ciki ya ɗan yi ƙasa da fuskar rufin, kansa na waje ya sunkuya. Ya fita daga bango kamar kamu guda ko fiye. A ƙasa, inda ruwan yake faɗuwa, ka jera duwatsu ko ka ajiye duro, don kada ya haƙa rami a gindin ɗaki. Babban rufi kuwa, indararo ɗaya bai ishe shi ba.

Bayan indararo sai tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ruwa ma. Kada ka shafa laka a kan tsaga ka tafi, don za ta sake buɗewa. Ɗan faɗaɗa bakinta da wuƙa ko cokalin magini, ka share ƙurar, ka yayyafa ruwa, ka cusa kwaɓi har ƙasa, ka danna sosai. Ka fi ba da hankali ga lungun da rufi ya haɗu da rawani, don nan ne tsaga ta fi son fitowa. A cike lungun ya yi gangare, kada a bar shi da kusurwa.

Kwaɓin yaɓe yana da ƙa'ida. Idan yumɓu ya yi yawa, zai tsage da ya bushe. Idan rairayi ya yi yawa, ruwa zai wanke shi. Magina suna haɗa ƙasa da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin dabbobi, su tattake, su bar shi ya kwana biyu ko fiye ya ruɓa kafin su yi aiki da shi. Kafin ka yaɓe rufin duka, gwada a ɗan wuri kamar faɗin faifai, ka bar shi ya bushe. Idan ya tsattsage, ƙara rairayi da ciyawa. Idan yana marmashewa a hannu, ƙara yumɓu. Yaɓe siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya, kuma da yamma ya fi, don kada rana ta busar da shi da gaggawa.

A ƙasar Hausa magina na da suna da abubuwan da suke hana ruwa shiga. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da gashin majema, da ruwan dafara. Waɗannan sun yi wuyar samu a Yamai. Amma idan kana da hanyar samun makuba daga kudu, kada ka raina ta.

Yanzu ga kuskuren da ya fi kowane haɗari, kuma masu ƙoƙari ne suka fi yin sa. Kowace shekara sai mai gida ya ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa, yana ganin rufin yana ƙara ƙarfi. Mu koma ga ɗakinmu mai mita 4 da 4. Idan kaurin ƙasar rufinsa santimita 20 ne, nauyinta ya kai kusan tan 5 tun tana busasshiya. Duk santimita 5 da ka ƙara, ka ɗora fiye da tan 1. Idan ta sha ruwa, nauyin ya ƙaru. Azara kuwa ba ta ƙaruwa, tsufa take yi. Sai ta lanƙwasa, tsakiyar rufi ta lotsa, ruwa ya kwanta a nan, mai gida ya ƙara ƙasa don ya cike kwarin, nauyi ya sake ƙaruwa. Haka ake yi har ranar da rufin zai sauko. Ƙa'ida ita ce ka kankare tsohuwar ƙasar da ta mutu ka zubar, sannan ka sa sabuwa daidai da abin da ka cire.

Don haka kafin ka hau sama, duba azara daga ciki. Ƙwanƙwasa kowace ɗaya. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta ci tana yin ƙarar ganga. Soka wuƙa a bakinta, inda ta shiga bango, domin nan take fara ruɓewa, inda ido ba ya gani. Idan wuƙa ta shige da sauƙi, azarar ta gama aiki. Dubi kuma hanyoyin gara, waɗannan siraran layukan ƙasa da suke hawa bango. Azarar namijin giginya ita ce ta fi jure gara, amma giginya itace ce da doka ta kare, ba a saranta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ko a yankin Gaya inda ta fi yawa. Shi ya sa za ka ga mutane da yawa a Yamai sun koma ga itacen turare ko ƙarfe. Itacen turare da na bedi ba su kai giginya daɗewa ba, sai a riƙa duba su da kyau. Ƙarfe kuma tsatsa take cin bakinsa a cikin bango mai laima.

Idan aikin ya kai ga kwashe rufin duka, to ka sa leda mai kauri. Tsarin shi ne azara, sannan zana ko ƙirare, sannan ƴar ƙasa mai laushi don kada tsinke ya huda ledar, sannan leda, sannan sauran ƙasa. Fara shimfiɗa ledar daga wajen indararo kana yin sama, ta sama ta hau kan ta ƙasa da taƙi guda ko fiye. Gefenta ya ɗan hau jikin rawani, bakinta kuma ya shiga cikin indararo. Idan ledar ta tsaya kafin ta kai indararo, ta zama mai tara ruwa tana zuba shi cikin bango. A binne ta duka, don ledar da rana take duka ba ta daɗewa. Tun daga shimfiɗar ƙasa a yi gangare zuwa indararo, aƙalla santimita 3 zuwa 5 a kowace mita.

Wasu suna shafe rufin ƙasa ko bangonsa da siminti, suna cewa sun huta. Siminti da laka ba sa ga maciji. Simintin yakan tsage, ya rabu da ƙasar, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita. Daga waje gini yana sheƙi, ciki kuwa yana narkewa. Idan kana da irin wannan shafe, ƙwanƙwasa shi. Inda ya yi ƙarar fanko, ya riga ya saki.

Akwai kuma ginin da ba ya bukatar itace, mai rufin tubali da aka yi kamar ƙwarya a kife. An fara gwada shi a Nijar a Cikal, cikin yankin Filinge, a 1980, kuma an horar da magina da dama a kansa. Gara ba ta da abin ci a cikinsa. Amma shi ma yaɓe da indararo ne ransa.

Rufin kwano

Kwano yana buɗewa idan ya sha rana, yana tsukewa da dare. Wannan motsi na kullum yana sassauta ƙusa, yana faɗaɗa raminta. Iskar hadari kuma tana ɗaga shi tana saki. Shi ya sa yawancin yoyon kwano a bakin ƙusa yake.

Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarinsa ba, domin kwarin shi ne hanyar ruwa. Yi amfani da ƙusa mai hula, da ƴar roba a ƙarƙashin hular. Idan babu robar, yanka tsohon tiyub na babur ƙanana ƙanana. Kada ka buga har tudun ya lotsa, don zai zama ɗan kwari mai tara ruwa. Ƙusar da ta saki, ko ka sake buga ta ba za ta kama ba. Cire ta, ka sa wadda ta fi ta kauri, ko ka buga sabuwa kusa da ita ka liƙe tsohon ramin. Idan ƙusa ta shige ba ta kama komai ba, katakon da yake ƙasa ya ruɓe, sai an canja shi.

Ƙaramar huda ba ta da wuyar gyara, in dai an share wurin. Goge tsatsa da ƙura har ƙarfe ya fito, wurin kuma ya bushe sarai. Ana sayar da wani faci mai kwalta a ciki da farin ƙarfe a baya, a kasuwar Katako da shagunan kayan gini. Yanka shi ya wuce hudar da yatsa uku ta kowane gefe, ka manna, ka danna ya bi tudu da kwarin kwanon. Idan babu shi, shafa narkakkiyar kwalta, ka ɗora ƙyalle mai ƙarfi, ka sake shafa kwalta a kai. Wasu suna narkar da farin soson nan na cikin kwalin firji a cikin fetur su liƙe da shi. Yana kamawa na ɗan lokaci, amma rana tana fasa shi, kuma fetur a kan kwano mai zafi wasa da wuta ne.

Idan hudar babba ce, yanko guntun kwano irinsa. Cusa kansa na sama a ƙarƙashin kwanon da yake sama da shi, ƙasansa ya hau kan hudar. Idan ka ɗora shi kawai a kai, ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa. Kwanon da tsatsa ta cinye har yana ɓarewa kamar ganye, faci ɓarnar kuɗi ne, sai sabo. Wajen saye kuma ka tuna araha ba ta ado: kwano maras kauri yana lotsewa da taku ɗaya, kuma yana saurin hujewa.

Mahaɗa ma tana da ƙa'ida. Gefe da gefe, kwano ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, ko biyu idan rufin ba shi da gangare sosai. Sama da ƙasa, ya hau da santimita 15 zuwa 20. Tun da hadarin Yamai daga gabas ya fi zuwa, a fara jera kwano daga yamma ana zuwa gabas, don bakin mahaɗa ya ba iska baya. Gidaje da yawa a birnin nan rufinsu kusan a kwance yake, an ɓoye shi a bayan bango don ado. Irin wannan rufi, iska tana tura ruwa ya koma sama ta cikin mahaɗa. Idan yoyonka na irin wannan ne, liƙe huda ba zai yi magani ba, sai an ƙara gangare ko an ƙara hawan kwano a kan kwano.

Inda kwano ya shiga bango, magina sukan cike da siminti kawai. Kwano yana motsi, siminti ba ya motsi, saboda haka tsaga dole ce. Gyaran da yake daɗewa shi ne a sassaƙa layi a jikin bango sama da kwanon, a lanƙwasa dogon sallen kwano, a cusa gefe ɗaya cikin layin a liƙe, ɗaya gefen ya sauko ya rufe kan rufin da santimita 15.

Sai maganar duwatsu, da bulo, da tsofaffin tayoyi da ake ɗorawa don kada iska ta yaye rufi. Suna tare ruwa da shara, tsatsa ta fara daga ƙarƙashinsu, taya kuma ta zama gidan sauro. Babbar iska tana iya jefo su kan mutane. Abin da ya fi shi ne a ɗaure katakon rufi da bango da rodi mai milimita 6, a zagaya shi ƙasa da layin bulo biyu ko uku.

Kankare da ciyawa

Rufin kankare ma yana yoyo, idan ruwa yana kwanciya a kansa. Bayan ruwa, hau ka zagaye duk inda ya kwanta da alli. Share bututun da yake sauke ruwa. Tsaga kuwa, a faɗaɗa bakinta, a wanke, a cike da kwaɓin awo 1 na siminti da awo 3 na rairayi mai tsabta, a riƙa ba shi ruwa kwana 7. Ko na Malbaza ne ko na waje, simintin da bai sha ruwa ba ba ya ƙarfi. Idan daga ciki ka ga jan tabo, ko kankare yana ɓallewa rodi ya fito, ƙarfen ciki ya yi tsatsa. Wannan ba aikin faci ba ne, nemi masanin gini.

Rufin ciyawa, tsini da kaurinsa ne maganinsa. Yoyo yakan fara daga ƙololuwa. Cire ruɓaɓɓiyar ciyawa, ka cusa sabuwa daga ƙasa zuwa sama.

Alamun da ke cewa a fita daga ɗaki

Uwargida, wannan sashe ya fi shafarki, domin ke kika fi kowa sanin ɗakin. Idan kika ga ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara ta yi ciki, ko kika ji itace yana ƙara kamar ana karya kara, ki fitar da yara nan take. Haka idan sabuwar tsaga ta fito a kusurwar bango, ko ƙofar da take rufuwa lafiya ta fara cijewa, ko bango ya jiƙe daga sama har ƙasa. Kada a tsaya kwashe kaya. Kada a kwana a ɗakin, ko da an ɗauke ruwa, domin ginin ƙasa yakan faɗi bayan ruwa ya wuce, lokacin da laima ta gama ratsa shi. Kwana a rumfa ko a gidan maƙwabta ba abin kunya ba ne. Idan gini ya faɗa wa wani, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Idan ruwa yana bin wayar lantarki ko yana ɗiga kusa da ƙwan fitila, a kashe wutar gidan daga mita da busasshen hannu, kada a kunna sai mai gyaran wuta ya duba.

Kada kowa ya hau rufin ƙasa yana jiƙe. Idan damina ta riga ta kama ka, jira rana ta busar da shi, ka tokare azarar da ta raunana daga ciki da gungume mai ƙarfi, da katako a ƙarƙashinsa da kuma a samansa. Sannan a shimfiɗa tampol a kan rufin, bakinsa ya zuba cikin indararo. Wannan na wucin gadi ne, har ruwa ya ɗauke.

Lokacin aiki

Watan Afrilu da Mayu su ne lokacin gyara, kafin magina su yi wuyar samu. Zafin Yamai a waɗannan watanni yana wuce digiri 40, saboda haka aikin kwano da sassafe ake yin sa. Sa takalmi, ka taka kan layin ƙusa inda katako yake, ko ka shimfiɗa faffaɗan katako ka bi ta kansa. Wani ya riƙe maka tsani. Dubi wayar lantarki da ta ratsa saman gida kafin ka ɗaga dogon kwano ko rodi. Idan gabas ta fara haɗa hadari, sauko.

Idan gidan haya kake, nuna wa mai gida wurin tun da rani. Idan kun shirya kai za ka gyara a cire daga kuɗin haya, a rubuta a takarda: abin da za a saya, kuɗinsa, da watan da za a cire. Ku sa hannu ku biyu a gaban shaida, kowa ya riƙe tasa. Wajen magini ma haka: ku yi ciniki a kan aikin duka, ka sayo kayan da kanka ko ku je tare, kuma ku shirya tun farko cewa za ka riƙe wani kaso na ladansa har a yi ruwan farko. Ranar da aka yi ruwan, ɗauki tocila ka koma kan alamun gawayin da ka yi, ka duba su ɗaya bayan ɗaya.